Tafiyarmu Keita, inda mata suka tare ruwa da dutse

  

A watan Janairun da ya wuce, ana tsakiyar ɗari, mu mata takwas daga ƙungiyoyi huɗu na ƙasar Maraɗi muka yi ziyarar gani da ido zuwa Keita, cikin jahar Tawa. Dalilin tafiyar shi ne wani kwazazzabo da ke gabas da garinmu. Da fari ƴar hanyar awaki ce. Yau in jaki ya faɗa cikinsa ko kunnensa ba a hangowa. Ya cinye gefen gonakin membobinmu uku, yanzu ya doshi rijiyar gari. Ni ce mai riƙon littafin ƙungiyarmu, na kuma lura da wani abu: rancen da ake ɗauka a watan Yuli da Agusta, mafi yawansa na awon hatsi ne. Kuɗin da ya kamata su shiga tuyar ƙosai ko kiwon tunkiya, ciki suke tafiya. Gonar da ruwa ya wanke ba ta riƙe gida, sai nauyin ya dawo kan akwati. Shi ya sa muka ce bari mu je inda aka sha wannan wahala kafin mu, mu ga yadda suka yi da ita.

Hanyar Adar

Mun bar Maraɗi bayan sallar asuba. Muka wuce Gidan Rumji, muka isa Madawa da hantsi, nan muka bar babbar hanyar Yamai muka yi arewa wajen Buza. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Mu da muka saba da jigawa, da gona shimfiɗe har iyakar gani, sai ga tuddai masu faɗi a bisa kamar an kife faranti, gefensu cike da jajayen duwatsu da baƙaƙe. Mota ta hau, ta hau, can kuma sai ta gangara cikin kwari mai itatuwa. Wannan ita ce ƙasar da ake ce wa Adar Dutsi Majiya.

A ƙasar Buza muka ratse muka ga kwarin Majiya. Abin da ya fara ɗaukar idonmu shi ne layukan dogon yaro, bibbiyu bibbiyu, sun ratsa kwarin, tsakanin wannan layi da wancan kamar mita 100, gonaki na tsakiya. An fara dasa su tun 1975, aikin ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, wadda ita ce kuma ta kawo tsarin Mata Masu Dubara a ƙasar Maraɗi a 1991. Wani manomi da muka tarar ya ce kafin itatuwan nan iska kan binne shuka tun tana ƙarama, sai mutum ya yi shuka biyu ko uku a damina ɗaya. Yanzu itatuwan sun karya ƙarfin iskar, kuma ana sassabe rassansu bi da bi, a samu itacen rufi da na wuta. Ba mu daɗe ba, don rana ta yi, muka kama hanyar Keita.

Ƙwarya ɗaya ce

Keita gari ne na Hausawan Adar da Buzaye, ga Fulani makiyaya a kewaye. Matan wata ƙungiyar asusu ta wani ƙauye kusa da garin su suka sauke mu. Suka tarbe mu da fura mai sanyi, muka kwana a gidan shugabarsu. Da safe muna tsammanin za a kai mu fadama mu ga albasa, sai shugabar ta ce a'a, bisa dutse za a fara.

Wallahi mun sha hawa. Da muka kai bisa muna haki, ta ce mu juya mu duba. Daga can ana ganin komai: tudu, gangare, ƙoramu sun sauka kamar yatsun hannu, gonaki, can ƙasa kuma fadama kore shar. Ta ce mu ɗauki ƙasar nan duka tamkar ƙwarya. Duk ɗigon da ya faɗi a bakin ƙwarya, gindinta zai tafi. In bakin ƙwaryar fako ne, ba ciyawa ba itace, ruwan ba ya tsayawa ya shiga ƙasa. Gudu yake, yana haɗuwa da wani, yana ƙara ƙarfi, kafin ya kai kwari ya zama abin tsoro: ya yanke gona, ya zuba rairayi a fadama, ya wuce cikin sa'a biyu ya bar rijiyoyi a bushe. Ta ce da harshensu na Adar: "Yaya, mai gonar ƙasa shi ka kuka, amma ciwon ga bisa shike."

Nan take muka dubi juna. Shekara uku mazan garinmu suna zuba ƙasa da kara a bakin kwazazzabo, ruwan farko yana kwashewa. Can yamma da gari kuwa, inda ruwan ke tasowa, fako ne fetal wanda ba mai kula da shi.

Aikin da iyaye mata suka yi

Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, ƙasar Keita ta kusa mutuwa. Itatuwa sun ƙare, tuddai sun zama fako, maza sun watse biɗa zuwa Najeriya da Abijan da sauran wurare. A 1984 aka buɗe babban furojen raya karkara na Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, tare da hukumar FAO, hukumar PAM kuma tana ba da abinci a madadin aiki. Da yake maza ba su nan, mafi yawan waɗanda suka fito aikin mata ne. Cikin shekara ashirin ɗin farko an farfaɗo da ƙasa fiye da hekta dubu 30, an dasa itatuwa wajen miliyan 18.

Ƙidaya a takarda daban, gani da ido daban. Aikin hawa uku ne, kuma mun bi shi daga bisa har ƙasa.

A kan tudu, inda fako yake, tarakta ta fasa ƙasa ta tada kunya doguwa a gicciye, mata suka yi mata sutura da duwatsu don kada ruwa ya rushe ta. Ruwan da a da yake gudu, yanzu yana kwanciya bayan kunyar. Mun ga karan dawa a wurin da tsofaffi suka ce ko ƙarangiya ba ta fitowa.

A gefen dutse, inda tarakta ba ta iya hawa, hannu ne kaɗai. An haƙa ramuka dogaye, kowane tsawonsa kamar mita 3, faɗi da zurfi kamar santimita 60, jere a gicciyen gangare, na ƙasa yana tare tazarar da na bisa ya bari. A kowane rami aka dasa itace. Yau gefen dutsen nan daji ne na ƙayoyi, farar ƙaya da dakwara da ƴan'uwansu, awaki na kiwo a ƙarƙashi. Ku tuna dutse ne ake sara da diga, cikin ranar Adar.

A cikin ƙoramu kuma aka gina madatsai. Wasu na ragar waya ne da aka cika da duwatsu, wasu manyan baraji ne masu tara ruwa. Ƙananan ba su hana ruwa wucewa, suna rage masa gudu ne, su sa shi ya bazu, ya aje laka, ya nutse. Abin da ya nutse shi ake ja da guga da rani.

Da la'asar muka zauna da tsofaffi uku da suka yi wannan aiki suna ƴan mata da amare. Ɗaya ta kama hannuna ta ɗora a tsakar kanta, ta ce in taɓa inda gammo ya zauna. Sukan fita bayan asuba, goyo a baya, kamiyo ya zube duwatsu a gindin tudu su kuma su hau da su a ka. Na ce, "Inna, me ya riƙe ku?" Ta yi dariya ta ce da fari dai hatsi da man da ake rabawa ne, don yunwa ba ta san wata dubara ba. Sai da aka yi damina biyu, suka ga ciyawa bisa fako, suka ga ruwan rijiya ya daɗe bai janye ba, sannan suka gane kansu suke yi wa. Ta ce, "Da munka ga haka, ko ba a kira mu ba muna zuwa."

Gangare biyu

Abin da ya fi zama mini darasi shi ne wasu gangare biyu da ke kallon juna, an yi musu aiki iri ɗaya a zamani ɗaya.

Na farko na ƙauyen masu masaukinmu ne. Jerin duwatsunsa a tsaye, itatuwa sun yi girma, busasshiyar ciyawa har gwiwa. Na biyun kuwa duwatsu sun warwatse, kututture ya fi itace yawa, sabbin kwazazzabai sun fara tsagawa, madatsar da ke ƙasansa ta cika da rairayi har baki.

Muka tambayi dalili. Shugabar ta ce furoje baƙo ne, ranar tafiyarsa tana zuwa, ya tafi da motocinsa da abincinsa. Su a ƙauyensu, da suka ga haka, sai suka zauna da maigari da limami da wakilin makiyaya suka aje doka. Kowace shekara kafin ruwan farko akwai kwana uku na gayya, kowane gida ya ba da mutum, a bi jerin duwatsu a maida wanda ya faɗi. Ba a saran ɗanyen itace sai da izinin kwamiti. Ba a sakin dabbobi cikin wurin sai an yanke ciyawa. Ciyawar ana sayar da ita, a biya mai gadi, saura ya shiga akwatin gyara. Wanda ya karya doka a ci shi tara, ko ɗan wane ne. Akwatin gyaran nan kuwa a hannun matan asusu yake, don gari ya shaida su ne suka iya riƙon amana da lissafi: makulli uku, mata uku, ba a buɗewa sai a gaban jama'a, kamar dai yadda muke yi.

Ta ja mana kunne a kan makiyaya. Ta ce duk garin da ya killace daji bai zauna da Fulani da Buzaye ba, bai bar burtali da hanyar mashaya ba, rigima ya shuka. Su sun bar hanya, kuma makiyayan su ne manyan masu sayen ciyawar, su ne kuma ke kawo labari in sun ga mai gatari.

Sai a rana ta uku aka kai mu fadama. Albasa, tumatir, kabewa, dankali, ga zogale a gefe, ga gabu an shanya. Rijiyoyin lambu ba su da zurfi, yarinya ma tana ja. Mata da yawa a nan da kuɗin albasa suke zubi, kuma rancensu na iri ne da taki. Wata ta ce mini ruwan da take ba albasarta yau, kakarta ce ta tare shi a bisa dutse.

Tassa da rabin wata

A dawowa muka bi ta Tamaske muka fito Tawa, muka gangaro Badagishiri. A nan ƙasar Illela muka ga abin da ya fi dacewa da ƙarfinmu, don ba ya son tarakta ko kamiyo. A 1989 wasu manoman wannan yanki suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake gyara ramin shuka, suka dawo suka inganta tasu tassa. Daga nan abin ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har fakon da a da ko kyauta ba a so ya zama abin saye da sayarwa. A garin Batodi, bayan an cika gonaki da tassa da rabin wata, ruwan rijiyoyi ya hau da wajen mita 14 tsakanin 1994 da 2004, har aka buɗe lambuna.

Ga yadda aka nuna mana, na rubuta don wadda za ta gwada.

Tassa rami ne mai faɗin kamar taki ɗaya da rabi na hannu, zurfinsa kamar taki ɗaya, tsakanin rami da rami taku ɗaya. Ƙasar da aka fitar ana tara ta a gefen gangare, wato ta inda ruwa zai fita, don ta tare shi. Da rani ake haƙawa. A zuba taki cikin tafi ɗaya ko biyu, a bar shi. Iska za ta kawo ganye da ƙura, gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ta nan ruwa zai shiga. In ruwa ya sauka sai a shuka gero ko dawa a ciki. Ko an yi kwana goma ba ruwa, shukar tassa tana jurewa.

Rabin wata ya fi girma. Faɗin bakinsa mita 4, bakin yana kallon inda ruwa ke fitowa, kunyar tana ƙasa. Ana jera su a sarƙe, ruwan da ya kuɓuce wa biyu na bisa ya faɗa na ƙasansu. Hekta ɗaya tana ɗaukar 313. Ana shuka hatsi a ciki, ko ciyawa da itace in wurin kiwo ne.

Jerin duwatsu kuma dole ya bi daidaiton ƙasa. Suna aunawa da siririn tiyo mai ruwa a ciki, ɗaure a sanduna biyu: inda ruwan ya tsaya daidai a sandunan biyu, nan ne layi. Mata biyu daga cikinmu sun koya a wuni ɗaya. In layi ya karkace, ruwa zai taru a gefe guda ya fasa, ka gina kwazazzabo da hannunka.

Takarda kafin diga

Akwai maganar da matan Keita da na Badagishiri suka maimaita mana, ba su kuma haɗa baki ba. Fako ba shi da mai shi sai ranar da ya yi kore. Sun ba mu labarin wata ƙungiya da aka ba aron fako da baki, mata suka yi shekara uku suna haƙa suna kai taki a ka, da dawa ta yi kyau sai magada suka taso suka ce gonar kakansu ce. Ba takarda, ba shaida a rubuce, haka suka fita suna kallo.

Tun 1993 ƙasarmu tana da dokar filayen karkara, kuma a ƙarƙashinta akwai kwamitin filaye da ake kira kofo, a gari da komin da kuma departama. In an ba ku fili, ko kyauta ne, ko aro, ko haya, ko saye, ku je a rubuta. A sa sunan ƙungiya, da iyakokin filin, da yawan shekaru in aro ne, da wanda zai ci itatuwan da za a dasa. Maigari ya sa hannu, shaidu su sa. Ku aje takardar cikin akwati tare da littafi. Wannan ba rashin kunya ba ne ga iyayenmu maza, kariya ce ga zumunci, don gobe ba su za a tambaya ba, ƴaƴansu ne.

Abin da muka zo da shi

Na san wata a Mayayi ko Magarya za ta ce, mu ina muka ga dutse? Gaskiya ne, ƙasarmu rairayi ce. Amma kowane gari yana da bakin ƙwaryarsa da gindinta. Inda ba dutse akwai gamba da ake dasawa a layi, akwai kara da rassan ƙaya, akwai buhun ƙasa ga ƙananan tsagogi tun ba su girma ba. Muna kuma da namu abin da duniya ke zuwa kallo, wato sassabin zamani, wanda ya fara ƙarfi a ƙasar Maraɗi tun wajen 1984: in ana sharar gona a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran. Saiwar itace tana riƙe ƙasa kamar yadda dutse ke yi a Adar.

Da muka dawo mun kira taron ƙungiyoyin huɗu, muka gayyato maigari da wakilin makiyaya. Ga abin da aka tsayar. In ruwan farko ya sauka, za mu fita mu bi sawunsa da ƙafa tun daga rijiya har inda ya taso, mu san gonar wa da wa yake ratsawa, don a yi magana da kowa. Mun roƙi fakon yamma da gari, maganar takardarsa tana gaban kofo, kuma ba za mu sa diga ba sai ta fito. Mun buɗe ƙaramin zubi na dala 10 a mako, dabam da babban zubi da na taimako, don sayen diga da felu da tiyon awo, kayan su zama na ƙungiya, mai so ta ara ta maido. Kowace memba kuma za ta yi tassa 100 a gamanarta bana, ta bar wani gefe yadda ta saba, da kaka mu auna da tiya mu gani. Wadda ke da ciki ko ƙaramin goyo ko tsufa, ƙungiya za ta yi mata gayya.

Aikin nan yana da wuya, kada wani ya ruɗe ku. Yana cin ƙarfi, yana son taki, takin kuma sai da dabba ko amalanke. Ga shi rani ne lokacinsa, sa'ad da maza suka tafi biɗa, ruwa da itace da daka duk suna kanmu. Shi ya sa mace ɗaya ba za ta iya ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma mu da muke haɗuwa kowane mako ba fashi, muna da doka, muna da tara, muna da littafi, mun riga mun mallaki abin da ya raba gangaren farko da na biyu.

Ƴan'uwa na Damagaram, na Tawa, na Dogon Dutsi, na unguwannin Yamai da ruwa ke ci kowace damina, in ƙungiyarku ta taɓa irin wannan aiki, ku aiko da labarinku ta hannun wakiliyarku a buga, mu ƙaru da juna.